Ƙaurar Malam Ai-a-can

Allah ya yi wa Yalwawa baiwa, ba ta da abin cewa sai godiya. Ruwanta kusa yake, duwatsun Dutse sun tsare mata gabas, dabinonta kuwa har daga Kano ake zuwa nema. Amma duk wannan ba komai ba ne idan aka ajiye shi kusa da Malam Nata'ala, mutumin da ya taɓa taka ƙasar Faransi da ƙafarsa, ya dawo da ransa, kuma bai yi wa kowa rowar labari ba.

A shekarun nan Nasara bai daɗe da raba ƙasa ba. Ingilishi ya riƙe Kano da duk abin da ke ƙarƙashinta, har da Dutse, Faransi ya riƙe Damagaram, aka kakkafa duwatsu a daji aka ce iyaka ce. Mutanen Yalwawa sun ji labari, amma ba wanda ya damu ya je ya gani, tunda gero bai canja launi ba. Malam Nata'ala ne ya ɗauki wannan nauyi a madadin jama'a. Wata shekara ya bi ayarin fataken cikin Dutse masu kai dabino arewa, ya wuce Gumel, ya wuce Maigatari, ya tsallaka. Mahassada, wato waɗanda suka yi tafiyar tare da shi, suna cewa kwana biyu ya yi a wata kasuwa da ake hango dutsen iyaka daga cikinta, kuma ɗaya daga kwanakin ciwon ciki ne ya kwantar da shi. To amma masu basira ba sa bukatar daɗewa. Abin da wani zai shekara bai gane ba, Malam ya gane shi yana kwance a rumfar mai fura.

Tun da ya dawo, ba a sake yin wata magana a Yalwawa ta ƙare lafiya ba. In aka ce bana damina ta yi kyau, sai ya gyara zama ya ce, ai a can wannan yayyafi ne. In aka ce rijiyar masallaci ta yi zurfi, ai a can ruwa ba ya wahalar da mutum. Ranar sunan ɗan maƙwabcinsa ya zagaya ragon sau biyu, ya taɓa ƙahonsa, ya sanar da mai jego ta bakin mijinta cewa a can irin wannan ɗan akuya ake ce masa. Ko zaman makoki bai tsira ba, don ya taɓa gaya wa masu ta'aziyya cewa mutanen can sun fi mu iya mutuwa cikin tsari. Da haka sunansa na yanka ya ɓace, kowa ya koma ce masa Malam Ai-a-can. Shi kuma ya karɓi sunan da hannu biyu, a zatonsa sarauta ce.

Ranar kasuwa ce ranar babban karatu. Yakan zauna a gindin ɗorawa, ya baza riga, ya jira mutum uku su taru.

"Ku na nan ba ku san zaman duniya ba," in ji shi. "Ai a can hanya miƙe take kamar an ja zare, makaho ma zai bi ta ba sanda. Geronsu zangarniya biyu ta ishi gida tuwo. Sojansu hularsa ja ce zur, kuma da ya gan ni sai da ya tsaya cak. Nan fa? Baturenku gajeren wando yake sawa, gwiwa a waje. Ƙasar da mai mulkinta bai iya cika wandonsa ba, me za ta tsinana wa talaka?"

Gaskiya ne sojan ya tsaya da ya gan shi. Ya tsaya ne ya kwance mangalar jakin Malam, ya cika jar hular da dabino, ya yi gaba. Malam ba ya kawo wannan ɓangare, saboda shi mutum ne mai son taƙaita labari.

Wanda ya fi kowa shan wannan karatu shi ne Sale, ƙanen Malam, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar mahaifinsu ba su raba gado ba, gandu ɗaya suke, kuma Malam ne babba, don haka maganarsa ce magana. An raba aiki daidai wa daida: Sale yana noma, yana ban ruwa, yana hawan dabino, Malam yana bayani. Sale bai taɓa kai ƙara ba. Shi mutum ne da in ya faɗi kalma goma a yini, to ranar ya yi surutu.

Dabino goma sha ɗaya ne a bakin fadamarsu, goma mata, namiji ɗaya, duk mahaifinsu ya dasa su da hannunsa. Dabino ba ya 'ya'yan kirki sai an yi masa barbara, wato a hau namijin a yanko furensa, a hau kowace mace a ɗaura mata a tsakiyar nata furen kafin ya bushe. Mahaifin ne ya koya wa Sale wannan aiki, kuma igiyar hawan da ya bari ita Sale yake ɗaurawa a ƙugu har yanzu. Yana son itatuwan nan so na gaske. Ya san wadda take riga 'yan uwanta fure, ya san mai rowa, ya san wadda ƙayarta ba ta yafiya. Da za a ce masa ya zaɓa tsakanin Faransi da Ingilishi da duk abin da suka mallaka, da cewa zai yi a bar masa bakin fadama.

A ƙa'idar garin, idan magidanci ya ce zai tashi, ba a barinsa ya tashi haka nan. Dattawa sukan je zaurensa su ba shi haƙuri, a ji abin da aka yi masa, a gyara, domin babu mai unguwar da yake son a ce mutane suna gudunsa. Malam ya ɗanɗani wannan al'ada, ya ji ta yi masa daɗi. Karo na farko awakin wani ne suka ci masa rogo, ya ce shi Damagaram zai koma, dattawa suka zo suka yi ta lallashi har ya haƙura da kyar. Karo na biyu an zaunar da shi a baya ne wurin ɗaurin aure, ya sake ɗaura kaya, aka sake zuwa, daga ranar kuma tabarmar gaba tasa ce. Ƙasar Faransi ta yi wa Malam amfani ƙwarai, muddin tana can yana nan.

Sai Sarkin Kasuwa ya rasu. Malam ya sa aka wanke masa babbar riga, ya fara gwada tafiyar masu sarauta a tsakar gida. Mai unguwa Bubayero kuwa ya ɗauki sarautar ya ba Uwaisu mai awo, mutumin da iyakar tafiyarsa Kiyawa. Wannan cin mutunci ya fi ƙarfin haƙuri. Ranar Litinin da hantsi, lokacin da zauren mai unguwa ya fi cika, Malam ya taso Sale a gaba suka je.

"Allah ya ba ka nasara, sallama na zo yi," in ji Malam. "Ƙasar da ba ta san darajar wanda ya ga duniya ba, ba ƙasar zama ba ce. Ai a can mutum irina kumandan, Baturen mulkinsu, da kansa yake aiko masa da kujera. Zan tashi, da ni da ƙanena da iyalanmu gaba ɗaya. Ko kaza ba za mu bari ba."

Mai unguwa Bubayero tsoho ne mai sanyin magana, kuma shekara huɗu ke nan yana sauraron labarin jar hula. Ya dubi Malam, ya dubi rufin zaure, sannan ya ce, "To, Malam, Allah ya sa hakan ya fi alheri. Yaushe ne tafiyar?"

Malam ya shirya wa kowace amsa ban da wannan. Ya yi tari, ya gyara hula, ya ce Alhamis, don ya bar wa dattawa kwana uku su dawo hayyacinsu. Mai unguwa ya ce madalla. Ya ƙara da cewa, kamar yadda kowa ya sani, gidan da ya tashi gaba ɗaya, gonarsa da itatuwanta hannun mai unguwa suke dawowa, ya ba wanda zai noma.

Sale yana can baya kusa da takalma. Ya san yayansa ba shi da niyyar zuwa ko'ina, amma ya kuma san cewa mutumin nan zai iya kai gida guda halaka don kada a ce ya janye magana. Ƙane ba ya musa wa wansa a gaban jama'a, ba ya kuma cewa shi ba zai bi ba. Idan Alhamis ta zo ba wanda ya ba da haƙuri, za su kama hanya, dabinon mahaifinsu kuma ya zama na wani.

Malam ya koma gida ya sa aka share zaure, aka shimfiɗa tabarmi har uku saboda manyan baƙi. Ya zauna ya haɗe rai, yana gwada yadda zai ƙi sau biyu kafin ya yarda a na uku. Dattawa kuwa suka zo, ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Na farko ya kawo ƙullin ƙuli-ƙuli, ya ce guzuri ne. Na biyu ya ce a yafi juna, don tafiya ba a san ranar dawowa ba. Na uku ya roƙi in Malam ya samu mai zuwa ya aiko masa da kanwa mai kyau. Uwaisu ma ya zo, ya kawo sabuwar igiyar jaki, ya ce ta fi ƙarfi a doguwar hanya. A cikin gida Zinariya, matar Malam, ta kama dakan garin guzuri da wani irin kuzari da ba a taɓa ganin ta da shi ba, har da waƙa.

Zuwa Laraba da la'asar ba wanda ya furta kalmar haƙuri. Sale ya dawo daga fadama, inda ya tarar matan dabino uku sun buɗe fure. Ya wanke ƙafa, ya shiga zaure, ya durƙusa gefe. Kwana biyu yana jujjuya maganar da zai faɗa.

"Yaya, ni a ganina babban mutum ba ya shiga baƙuwar ƙasa da mata da kaji a bayansa. Ka yi gaba kai kaɗai, ka gana da kumandan, ya ba ka gida. Mu ƙanana mu tsaya mu riƙe gona, ga dabino ya fara fure. In ka aiko, sai mu taho."

Malam ya gode wa Allah a ransa. Sannan ya ce ai shi dama haka ya tsara tun farko, gwada Sale yake yi ya ga ko yana da hankali, kuma ga alama zama da manya ya fara yi masa amfani.

Alhamis da safe gari ya taru a ƙofar mai unguwa, don an daɗe ba a ga ƙaura irin wannan ba. Aka sanar cewa Malam ne zai yi gaba, Sale zai zauna a gona. Mai unguwa ya ce in haka ne ba ruwansa da gonar. Liman Abdulƙadir, mutum mai son a gama kowace magana a gaban shaidu, ya ce saura abu ɗaya. Rabon Malam na gona da dabino da zai bari a hannun Sale, riƙo ne ko kyauta?

Sale ya yi sauri ya ce wa Liman, "Riƙo ne, Allah gafarta Malam."

Da a cikin ɗaki aka yi tambayar, da maganar ta tsaya nan. Amma ga jama'a, ga mata suna leƙe ta kan danga, ga Uwaisu da sabon rawaninsa yana kallo. Malam ya harari ƙanensa.

"Riƙo? Ni zan bar ajiya a ƙasar Ingilishi, kamar mai shirin dawowa? Ai a can dabino irin wannan jakuna ake zuba wa. Kyauta ce. Na ba shi rabona, na ba shi gandun, duniya da lahira."

Liman ya sake tambaya, ya kuma sakewa, don kada a ce fushi ne. Duk tambaya Malam sai ya ƙara ɗaga murya. A lissafinsa, magana mai nauyi haka ita ce za ta sa mai unguwa ya gane irin asarar da gari zai yi, ya miƙe ya riƙe masa hannun riga. Mai unguwa ya miƙe kuwa, ya ce a shafa fatiha.

Liman ya ce kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya sa hannu a kanta, kuma tunda hanyar arewa ta bakin fadama ta bi, sai a yi komai a tafiya ɗaya. Haka 'yan rakiya suka tsaya a gindin dabino, Sale ya ɗaura igiya, ya hau namijin ya yanko fure, ya hau mace ɗaya ya ɗaura mata, gari guda yana kallo. Ya ji sanyi a ransa don itatuwan sun tsira, ya kuma ji kunya, don ba haka ya nufa ba.

Ba a taɓa yi wa mutum rakiya mai kyau irin ta Malam ba, ba a kuma taɓa ganin matafiyi mai nawa irinsa ba. Ya tsaya ya gyara mangala. Ya tsaya ya sake gyara ta. Ya ce kamar ya manta carbinsa, aka nuna masa shi a wuyansa. Ya saki igiyar jaki tana ja a ƙasa ko wani dattijo zai taka ta ya ce a fasa, sai Uwaisu ya sunkuya ya ɗauko ya miƙa masa cikin ladabi. A gindin tsamiyar da ake juyawa Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙi Allah ya sa Malam ya samu can yadda yake faɗa. Jama'a suka ce amin da zuciya ɗaya, suka juya.

Sale ne kaɗai ya ci gaba da binsa har suka daina jin muryoyi. Ya ga wuyan yayansa ya jiƙe da gumi alhali rana ba ta yi zafi ba, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Yaya, don Allah ka yi haƙuri ka fasa. Mu koma tare, ba wanda zai ce komai."

Ga haƙurin da aka kwana uku ana jira ya zo. Malam ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne za ka ba ni haƙuri? Haƙurin ƙane ai ba ya shiga lissafi. Je ka gaya wa mai unguwa in yana da magana ya aiko da doki, ba zan yi sauri ba."

Sale ya isar da saƙo. Mai unguwa ya ce dokinsa yana ɗingishi.

Kwana tara Sale yana aikinsa, tuwo ba ya masa daɗi. Ranar ta goma yana saman mace ta ƙarshe, sai ya hango jerin mutane daga arewa, sun kai arba'in, maza da mata da tsofaffi. Ba raƙumi, ba sa, sai ƙullin tsumma da tukwane a ka. A gabansu wani yana bisa jaki, ya baza riga, yana nuna duwatsu da sanda kamar shi ya dasa su. Sale bai bukaci ya matsa ba, ya san zaman nan.

Kafin ya sauko ya isa, ƙofar mai unguwa ta cika. An kawo wa baƙin ruwa da fura. Babbansu wani dogon mutum ne mai suna Umara, daga wani gari a ƙasar Damagaram. Ya ce gudu suka yi. Bara an kwashe musu raƙuma an ce na yaƙi ne, bana aka buɗe rumbuna aka ɗebi gero, sannan aka zo neman samari a kai su soja inda ba a dawowa. Wani ya tambaye shi ko gaskiya ne hanyarsu miƙe take kamar zare. Umara ya ce gaskiya ne, su suka miƙar da ita, wata uku suna ɗaukar dutse a ka, kuma ƙanensa yana binne a gefenta.

Da aka tambayi inda suka haɗu da Malam, Umara ya ce a kasuwar Jahun suka same shi, a gindin wata bishiya. Masu rumfa sun ce kwanansa shida a nan yana hutar da jaki, yana tambayar duk wanda ya fito daga kudu ko ya ga wani mai doki yana cigiya. Jahun kuwa, ga wanda bai sani ba, ko rabin hanyar iyaka ba ta kai ba.

Malam bai ga abin kunya a nan ba. Ya ce shi ya riga ya yi nisa a niyya, tausayin bayin Allah ne ya dawo da shi, don ba su san hanya ba. Ya ce mutumin da ya ƙara wa gari mutum arba'in a rana ɗaya, ya kamata masu sarauta su san abin da ya dace da shi. Sannan ya juya wajen baƙin.

"Ku kuma kada ku ɓata wa ƙasa suna. Ba ku fahimce ta ba ne. An haife ku a ciki, shi ya sa ba ku gan ta da kyau ba. Ni da na zo daga waje na ga abin da ku ba ku gani ba."

Wata tsohuwa a cikinsu, Kaltumi, wadda ta yi tafiyar kwana goma sha biyu da ƙafa a kumbure, ta ajiye ƙwaryar fura ta daɗe tana kallonsa. Ta juya ta tambayi mai unguwa yadda zaman nan yake, don kada su sauke kaya a banza. Mai unguwa bai yi mata ƙarya ba. Ya ce nan ma ana ɗibar mutane aikin hanya, ana sa su dakon kayan Bature in ya fito rangadi, kuma in an ce a kawo hatsi ba a tambayar ko damina ta yi. Sai dai bana ba a taɓa rumbu ba, ba a kuma kama ɗan kowa ba.

"To, duk Nasara ne," in ji tsohuwar. "Amma mun ji an ce naku yana gajiya da wuri. Za mu zauna."

Malam ya ga hankalin jama'a ya bar kansa, abin da ba ya jurewa. Ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ce Sale ya kama jaki, gobe da safe zai zagaya ya duba gonarsa da dabinonsa, ya ga irin ɓarnar da aka yi a bayansa. Liman Abdulƙadir ya yi gyaran murya. Ya ce a iya saninsa Malam ba shi da gona, ba shi da dabino. An yi kyauta sau uku a gaban shaidu, wanda aka ba ya hau ya sa hannu, shari'a kuma ba ta san wasa ba. Sai fa in Sale ne ya ga dama ya mayar don kansa.

Ido ya koma kan Sale. Shekara arba'in bai taɓa ce wa yayansa a'a ba, kuma bakinsa har ya buɗe zai ce ya mayar, don abin da ya saba ke nan. Sai ya tuna ranar Litinin ɗin nan, yana zaune kusa da takalma ana kyauta da itatuwan mahaifinsa saboda rawanin kasuwa. In ya mayar yau, baɗi wani zai zauna a tabarmar gaba, a sake ɗaura kaya. Ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Yaya, ɗakinka yana nan, tuwonka yana nan safe da yamma muddin ina numfashi. Dabino kuwa ka ba ni, na karɓa."

Malam ya buɗe baki, ya duba dama, ya duba hagu, yana neman dattijon da zai tsawata wa yaro. Dattawa duk suka sami abin kallo a tafin hannunsu.

Mai unguwa ya ce to, magana ta ƙare. Baƙi za a ba su dajin bayan dutse su sare su yi gonaki, Umara ne babbansu, duk wanda yake noma a can da izininsa zai yi. Magidanci kuma ba ya zama ba gona, don haka ba za a bar Malam haka ba. Mutumin da aka shafa wa fatihar sallama, ya shigo gari tare da baƙi, rabon baƙi zai samu.

"Shekara huɗu kana gaya mana zama da mutanen can ya fi zama da mu," in ji mai unguwa. "Mun hana ka sau biyu, mun ɗauki alhakinka. Ga shi Allah ya hutar da jakinka, ya kawo maka su har gida."

Washegari da hantsi Sale ya wasa gatari ya kai wa yayansa, ya raka shi bayan dutse. Umara yana tafe yana raba daji da taki, kowa yana kafa sanda a iyakarsa. Da aka zo kan Malam, Umara, mutum mai kara da sanin darajar manya, ya ce ba zai haɗa shi da talakawa a tsakiya ba. Ya zaɓar masa can ƙarshen arewa, inda ƙaya ta fi cunkushewa, ya ce nan ne ya fi kusa da Faransi.